Gajiyar Talaka a Bangon Attajiri: Gaskiya Ce Ko Tonon Asiri?

A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wani katafaren gidan adana zane-zane da ake kira Orsay, wanda asalinsa tashar jirgin ƙasa ce kafin a mayar da ita gidan kallo a 1986. A cikinsa an rataye wani zane mai faɗin kusan mita 2, wanda wani ɗan ƙauye mai suna Jules Bastien-Lepage ya yi a 1877, lokacin ko shekara 30 bai cika ba. Sunan zanen Les Foins, wato yankan ingirici. Mutum biyu ne kacal a gaba. Namijin ya yi rigingine a kan ciyawar da suka yanka, ya rufe fuskarsa da malfa, barci ya yi awon gaba da shi. Macen kuwa tana zaune dirshan a ƙasa, ta miƙe ƙafafu cikin wasu manyan takalma masu nauyi, hannayenta sun saki a kan cinya kamar ba nata ba, baki a ɗan buɗe, ido ya kafe a wani wurin da ba kowa. Ba kuka take ba, ba murmushi take ba, kai ka ce ba ta ma san akwai duniya ba. Gajiya ce tsagwaronta, irin wadda duk wanda ya taɓa wuni a gona cikin rana ya san ɗanɗanonta.

Tun da aka baje wannan zane a 1878 ake gardama a kansa. Wasu masu sharhi suka ce ba a taɓa faɗin gaskiyar rayuwar manomi ƙarara kamar haka ba. Wasu kuwa suka ce ai wannan cin mutunci ne, an zana 'yar mutane kamar dabbar da aka kwance daga aiki. Mu da muke kwana muna tashi da fim da littafi, wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin kuwa duk mai riƙe da alƙalami ko kyamara sai ya ci karo da ita. Abin tambaya shi ne: idan mai zane, ko marubuci, ko darakta ya ɗauko wahalar talaka ya baje ta a gaban masu hannu da shuni, ya samu suna da kuɗi da lambar yabo, me ya yi ke nan? Gaskiya ya faɗa, ko kuwa asirin mutane ya tona?

Ɗan ƙauye a birni

An haifi Bastien-Lepage ran 1 ga Nuwamba, 1848, a wani ƙauye da ake kira Damvillers, a yankin Lorraine na arewa maso gabashin Faransa, kusa da garin Verdun. Gidansu manoma ne masu ɗan rufin asiri, suna da gonarsu da lambunsu. A 1867 ya tafi Faris neman ilmin zane, ya kama aiki a gidan waya don ya samu na sakawa a bakin salati, sannan ya shiga babbar makarantar zane ta gwamnati a ƙarƙashin wani mashahurin malami, Alexandre Cabanel. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, ya shiga soja, ya ji rauni, ya koma gida jinya. Faransa ta sha kashi a wannan yaƙi, har Jamus ta yanke wani ɓangare na Lorraine ta haɗe da ƙasarta a 1871. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kansa.

A wancan zamani, duk mai zanen da ke son a san da shi a Faransa dole ya bi ta ƙofa ɗaya, wato wani babban baje-koli na shekara-shekara a Faris wanda ake kira Salon. Alƙalai ne ke zaɓen abin da zai shiga, su ne kuma ke raba lambobin yabo. Abin da suka fi so shi ne zanen sarakunan da, da jaruman tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, jiki sumul-sumul babu ƙura babu tabo. Manomi in ya shigo zane, to sai an wanke shi, an sa masa kayan salla, an ba shi murmushi.

Ƙungiya biyu ce ta yi wa wannan tsari tawaye. Ta farko 'yan zahiri, masu cewa a zana abin da ido ya gani kawai. Jagoransu Gustave Courbet, wanda ya zana masu fasa dutse a bakin hanya a 1849, an ce da aka nemi ya zana mala'ika sai ya ce a nuna masa guda tukuna. Akwai kuma Jean-François Millet, wanda ya zana mata uku masu kala a gona a 1857. Ƙungiya ta biyu ita ce wadda Faransawa ke kira impressionnistes, mu ce 'yan kallon-farko, su Claude Monet da Renoir da Sisley da Pissarro. Su damuwarsu haske ce, yadda rana ke sauya launin abu daga hantsi zuwa la'asar. Tun da aka ƙirƙiro fenti na cikin bututu a 1841, mai zane ya samu damar ɗaukar kayansa ya fita fili, su kuwa suka fita, suna ɗiga fenti da sauri-sauri kafin hasken ya gudu. Sun yi baje-kolinsu na farko a 1874, aka yi ta yi musu dariya ana cewa zanensu bai ƙarasa nuna ba.

A wannan shekara ta 1874 ne Bastien-Lepage ya fara yin suna, da zanen kakansa yana zaune a lambun gidansu, hankici a kan gwiwa, har aka ba shi lambar yabo. A 1875 ya shiga gasar da ake tura wanda ya ci ta karatu birnin Rum, ya zo na biyu. Ya sake shiga a 1876, bai samu ba. Daga nan sai ya tattara ya koma Damvillers da niyyar zana abin da ya sani. Ya ɗauki jigon 'yan zahiri, wato talaka da aikinsa. Ya ɗauki fita fili da hasken rana da sassauƙan launi daga wajen 'yan kallon-farko. Ya kuma riƙe ƙwarewar da ya koya a makaranta, ta yadda fuska da hannu za su fito dalla-dalla kamar hoton kyamara, ciyawa da itatuwan baya kuwa ya bar su a ɗiɗɗige. Shahararren marubucin nan Émile Zola ya kira shi jikan Courbet da Millet.

Tuhuma ta farko: ya tona asiri

A tarbiyyarmu, rufin asiri babban abu ne. Mutum zai kwana da yunwa, gari ya waye ya wanke rigarsa ya fito fes, ka gaishe shi ya ce maka lafiya lau. Wannan ba ƙarya ba ce, mutunci ne, kuma haƙƙinsa ne ya zaɓi fuskar da zai nuna wa duniya. To ga mace an kama ta a lokacin da ta fi kowane lokaci rauni, baki buɗe, jiki ya mutu, an kafa ta a bango shekara kusan 150 baƙi na wucewa suna kallo. Da an tambaye ta yadda take so a tuna da ita, da wuya ta ce haka. Wannan tuhuma ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita da sunan wai fasaha ba ta da iyaka ba.

Amma fa a duba wani abu. Matar da ta zauna aka zana ba baƙuwa ba ce da ya tsinta a hanya. 'Yar uwarsa ce ta jini, 'yar ƙauyensu, da saninta ta zauna, kuma ta sake zama masa a wani zanen daga baya. Shi kansa ba ɗan yawon buɗe ido ba ne da ya zo daga birni ya ɗauki abin da yake so ya kama gabansa. A ƙauyen yake aiki, a nan iyayensa suke, duk wanda ya zana zai haɗu da shi gobe a hanyar gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai kwana a ɗakin in ya huda rufin. Wanda zai iya kallon idon mutanen da ya nuna, ya ci abinci tare da su bayan an gama, matsayinsa daban ne da wanda ba zai sake ganinsu ba har abada.

Sannan menene asirin da aka tona? Mace ce ta yi aiki tun asuba har ƙarfinta ya ƙare. Ina abin kunya a nan? Abin kunya ai yana wuyan wanda ke cin burodi da madara a Faris bai taɓa tambayar yawan gumin da aka zubar ba. Zanen manomi mai murmushi da alƙalan baje-koli suka saba so, asirin mai kuɗi yake rufawa, domin yana ba shi damar yin barci da tunanin cewa mutanen karkara suna cikin nishaɗi. Akwai rufin asirin da mutum ke yi wa kansa, wannan mutunci ne. Akwai kuma mayafin da wani ke jefa wa wahalarka don kada ta ɓata masa cin abinci, wannan kuwa zalunci ne da ya sa rigar ladabi.

Ido ɗaya, fassara biyu

Akwai wani zanen nasa da ke taimaka mana mu gane inda rainin yake. A 1879 ya zana Jeanne d'Arc, yarinyar nan 'yar ƙauyen Domrémy a yankin nasu na Lorraine, wadda ta ce ta ji muryoyin waliyyai suna umartarta ta ceci Faransa daga Ingilishi, ta jagoranci mayaƙa aka 'yanto garin Orléans a 1429, aka ƙona ta a Rouen a 1431 tana da kimanin shekara 19. Bayan kashin da Faransa ta sha a 1871 da yankin da ta rasa, Faransawa sun rungumi labarin wannan yarinya don su farfaɗo da zuciyarsu. Masu zane da yawa sun nuna ta a kan doki da sulke da tuta. Shi kuwa Bastien-Lepage sai ya zana ta ba takalmi, cikin tufafin 'yan ƙauye, a tsaye a lambu irin na gidansu, ta tashi daga aikin zare har kujerarta ta kife, ta miƙa hannu, ido ya kafe a wani wurin da ba kowa.

Ka ga wannan kallo? Ɗan'uwan kallon mai yankan ingirici ne. 'Yan ƙauye ne su biyun, daga yanki ɗaya, tufafinsu na aiki ne, hankalinsu ya bar inda suke. Amma da yake ɗaya sunanta Jeanne d'Arc, kowa ya san zuciyarta cike take da abu mai girma. Ɗayar da ba ta da suna a littafin tarihi, sai aka ce ai kanta fanko ne. Wa ya gaya musu? Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma mai tambayar ma yana zuwa da nasa labarin. Wataƙila tana lissafin bashi ne, wataƙila jaririn da ta bari a gida take tunani, wataƙila wani saurayi. Mai zanen bai gaya mana ba, ya bar mata cikinta. Wanda ya kalle ta ya ga dabba, to daga gida ya taho da dabbar a idonsa.

Abin mamaki, a zanen Jeanne d'Arc ne aka ce ya yi tuntuɓe. A bayanta ya zana waliyyan Kirista uku da ta ce suna yi mata magana, suna shawagi dishi-dishi a jikin gida. Masu sharhi da dama, har da Zola, suka ce wannan ya ɓata aikin, domin fuskar yarinyar kaɗai ta isa ta faɗi komai. Wato inda ya amince da fuskar ɗan Adam ya yi nasara, inda ya ji tsoron kada mai kallo ya kasa ganewa har ya ƙara bayani, nan aka kama shi. Wannan darasi ne ga duk daraktan da ke cusa kiɗan tausayi a kan fuskar da ta riga ta gama magana. Zanen yana birnin Niyok na Amurka, a gidan adana zane na Metropolitan, tun 1889.

Tuhuma ta biyu: kura da shan bugu

Ko mun wanke shi daga tonon asiri, akwai maganar kuɗi. Wa ke sayen zane mai faɗin mita 2? Ba manomi ba dai. Matar ta koma gona, shi kuwa ya zama abin nema a Faris da Landan. A 1879 ya zana fitacciyar 'yar wasan daɓen nan Sarah Bernhardt, aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, ya kuma zana Yariman Ingila wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 7. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kasuwa tana da hannu mai laushi da take tanƙwara mutum bai ankara ba. Zanen da ya biyo bayan na ingirici, Saison d'octobre na 1878, mata ne ke tattara dankalin Turawa a gona, amma fuskar ta gaban ta yi sanyi, ta yi kyau, babu wannan gajiya mai firgitarwa. A 1882 ya zana L'Amour au village, wato soyayyar ƙauye, saurayi da budurwa a jikin shinge, kunya ta hana su kallon juna. Zane ne mai daɗi, yana Masko yanzu, amma ba ya hana kowa barci. Mai son ya tuhume shi zai ce ya gano abin da ke sayuwa ne ya bi.

Haka nan 'yan kallon-farko suna da nasu ƙorafin. Su suka sha dariya da yunwa a kan sabuwar hanyar. A 1875 Monet da abokansa suka yi gwanjon zanensu a Faris aka saye su da arha kamar a zubar. A 1879, shekarar da ake rataya wa Bastien-Lepage lambar ƙasa, Monet yana ƙauyen Vétheuil bashi ya yi masa katutu, matarsa Camille ta rasu a watan Satumba. Zola da kansa yana ganin abin da Bastien-Lepage ya yi shi ne ya ɗauki salonsu ya gyara shi, ya rage masa ɗaci yadda jama'a za su iya haɗiyewa. Sai dai wani manazarci ɗan Ingila, Roger Fry, ya juya maganar, ya ce ai ta wannan hanyar ce idon jama'a ya saba da sabon haske har suka iya karɓar Monet daga baya. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Gada ce ya zama, kuma mai gada yana karɓar kuɗin fito.

To me za mu ce? Cin abinci da fasaha ba laifi ba ne, ko likita ma da ciwon mutane yake ciyar da iyalinsa. Inda laifin yake shi ne mutum ya ƙara wa wahala gishiri don ta fi sayuwa, ko ya rage mata don kada mai saye ya ji haushi. A nan ne ya kamata a auna shi, kuma in aka auna za a ga bai miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1880 ya zana wani tsohon mabaraci yana barin ƙofar wani gida yana cusa gutsuren burodi a jaka, wata ƙaramar yarinya tana leƙensa tana shirin rufe ƙofa. Tsohon bai yi fuskar a-tausaya-mini ba. A 1882 ya zana wani yaro mai aikin jiragen ruwa, riga a yage, bulala a hannu, ƙaho a rataye, ya tsaya ƙyam yana kallonka ido cikin ido. Sunan zanen Pas mèche, wata magana ce ta 'yan tasha mai nufin ba hali. Yaron ba roƙonka yake ba, auna ka yake. A Landan ma, inda ya je zana manya, sai da ya zana yaro mai goge takalma a bakin titi da irin kulawar da ya ba yarima. Talauci ba ya kau da 'yanci, kuma buroshin mutumin nan ya san haka.

Gadon da fim ya ci

Shekara 11 bayan rasuwarsa, ran 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwan nan biyu su Lumière suka nuna fim ga masu biyan kuɗi a Faris. Me suka fara nunawa? Ma'aikatan masana'antarsu ta birnin Lyon suna fitowa daga ƙofa bayan an tashi aiki. Wato tun ranar farko, fim ya buɗe ido ne da mai gida yana ɗaukar hoton ma'aikatansa yana sayarwa. Tambayar da ke kan zanen ingirici ta sauya gida ne kawai.

A 1948 daraktan Italiya Vittorio De Sica ya yi fim ɗin Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, labarin wani magidanci da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi. Bai ɗauki tauraro ba, ya ɗauko wani ma'aikacin masana'anta, Lamberto Maggiorani, ya ba shi jagorancin fim ɗin. Duniya ta yi kuka, fim ɗin ya shiga sahun waɗanda ba a mantawa. Shi kuwa mutumin ya koma masana'anta, ba da jimawa ba aka sallame shi, ya yi ta fafutukar neman aiki kamar yadda ya yi a fim. Masu son finafinan da aka yi a Indiya za su tuna Slumdog Millionaire na 2008, wanda ya kwashi lambar Oscar 8 a 2009. Wasu daga cikin yaran da suka fito a ciki 'yan unguwar marasa galihu ne na Mumbai, kuma a watan Mayun wannan shekarar hukuma ta rushe bukkokin da biyu daga cikinsu ke kwana. Masu fim ɗin sun kafa asusu don karatun yaran, daga baya aka sama musu gidaje, amma duniya ta riga ta ga tazarar da ke tsakanin jan kafet da bakin kwata.

Ma'auni uku

Daga duk wannan, ga abin da nake gani. Nuna wahalar talaka ba tonon asiri ba ne a kan kansa, kamar yadda ɓoye ta ba rufin asiri ba ne a kan kansa. Abu uku ke raba mai gaskiya da ɗan kasuwar hawaye.

Na farko, shin wanda aka nuna ya sani, ya yarda, kuma mai nunawar zai iya komawa ya zauna a gabansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba? Na biyu, shin an bar shi mutum, mai ciki da tunani da girman kai, ko an mayar da shi alama kawai, wato ga talauci nan ku kalla? Marubucin da talakan littafinsa ba ya komai sai kuka da jiran attajirin da zai aure 'yarsa ya cece su, bai nuna talaka ba, ya nuna mafarkin mai kuɗi ne game da talaka. Na uku, ina amfanin ya tafi? Wannan shi ne ma'aunin da kusan kowa ke faɗuwa. Bastien-Lepage ya ci na farko, ya ci na biyu a mafi yawan aikinsa, amma zane bai taɓa rage wa mai yankan ingirici awa ɗaya na aiki ba. Bashi ne da fasaha ba ta gama biya ba, kuma gara mai fasaha ya san yana ɗauke da shi da ya ɗauka tausayin da ya jawo ya wanke shi.

Kada kuma mu masu kallo mu zame. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne kasuwar. In muna son talakan da aka wanke aka shafa wa hoda, shi za a kawo mana. In muna son wanda aka tsoma cikin taɓo don mu zubar da hawaye mu ji mu mutanen kirki ne, shi ma za a kawo. Akwai hawayen da ke fita da nauyin zuciya ya bar mutum sakayau, ya fito daga kallo ya taya mai tura ruwa ƙasa da kuɗinsa. Irin wannan hawaye nishaɗi ne kawai, kamar rawa da waƙa.

Ciwon daji ya kama Bastien-Lepage yana tsakiyar tashensa. Ya je Aljeriya neman sauƙi a 1884, bai samu ba, ya rasu a Faris ran 10 ga Disamba na wannan shekarar, yana da shekara 36. Aikinsa na gaske bai wuce na shekara 10 ba, amma matasan masu zane a Ingila da Sikotilan da wasu ƙasashen suka yi ta kwaikwayonsa, suna komawa ƙauyukansu suna zana mutanensu. Daga baya tauraron Monet ya haska, nasa ya dusashe, har aka daɗe ba a ambatonsa. A Damvillers aka binne shi, kuma a 1889 aka kafa masa mutum-mutumi a can, aikin Auguste Rodin, yana tsaye da allon fentinsa a hannu kamar mai aiki a fili. Mutanen da ya zana da 'ya'yansu su ne suka ci gaba da wucewa ta gabansa safe da yamma a hanyarsu ta gona. Duk mai shirin ɗaukar wahalar wani ya kai kasuwa, ya fara tambayar kansa ko zai yarda a binne shi a unguwar da ya nuna.